Rinin Madubin Bindiga da Tambayar Asali

Madubin saiti da aka ɗora wa bindigogin maharban nesa a Yaƙin Duniya na Biyu, galibi hanya biyu ake bi wajen rufe jikinsa. Ta farko rinin ƙarfe ce: a tsoma bututun cikin ruwan sinadari mai zafi har bayansa ya koma baƙi mai sirkin shuɗi. Wannan baƙin shi ma nau'in tsatsa ne, sai dai yana kama jiki, kuma muddin ana shafa masa mai yakan tare jar tsatsa mai cin ƙarfe. Ta biyu fenti ce. Manufarsu ɗaya: kare ƙarfe da kashe ƙyalli, domin ƙyallin ƙarfe kan tona inda maharbi ya laɓe.

Yawancin madubin PU na Tarayyar Sobiyet, wanda aka ɗora wa bindigar Mosin-Nagant tun 1942, rinanne ne. Madubin No. 32 na Birtaniya kuwa ya daɗe a bakin aiki, har aka gyara wasu aka mayar kan bindigar L42A1 daga 1970, da yawansu kuma sun sha sabon baƙin fenti a hannun maƙeran soja.

Daga nan tambayar falsafa ta taso. Rini kan koɗe a inda yatsu ke murɗa saiti, fenti kan ɓamɓare inda zoben ƙarfe ya matse bututu. Wanda ya kankare wannan ya sake rini, ya dawo da asali ne ko ya shafe shi? Kuma wanne ne asalin, launin ranar da aka ƙera madubin ko fentin da soja suka yi masa daga baya? Tun zamanin Girkawa ake wannan muhawara: Plutarch ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus da aka yi ta sauya wa katako, har masana suka saɓa kan ko shi ne jirgin farko.

A fagen adana gine-gine, John Ruskin ya yi rubutu a 1849 yana ɗaukar sabunta tsohon abu a matsayin hallaka shi, yayin da Viollet-le-Duc na Faransa ke ganin halal ne a cike abin da ya ɓace. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta bi tsakiya: a mutunta abin da kowane zamani ya ƙara, gyara kuma ya kasance ana iya bambance shi.

Amsar ta dogara ga matsayin madubin. In kayan aiki ne, sabon fenti kulawa ce. In ya zama shaidar tarihi, koɗewarsa na cikin shaidar. Abin da duka ɓangarorin ke ƙi shi ne a sake rini a sayar da sunan na asali. Fiƙihun Musulunci ma ya haramta ɓoye aibin haja, ya ba mai saye damar mayarwa. Shi ya sa masu adana kayan tarihi kan tsaya ga tsayar da tsatsa, su shafa kaki, su rubuta duk abin da suka taɓa.