Jaki da Taiki: Tsanantawa ko Halattawa a Sha'anin Ƙwaya?

Shekarun baya, a wani kwaleji inda na koyar, an kama wani yaro ɗan aji uku da ƙwayar tiramol goma sha biyu ƙulle cikin leda a safarsa. Da aka matsa shi da tambaya sai ya ce biyu nasa ne, goma kuwa na sayarwa ne. Wani mai tebur a bakin tasha ke ba shi, in ya sayar ya samu na karin kumallo. Muka zauna taron malamai. Mafi yawa suka ce a kore shi, a kuma miƙa shi ga ƴan sanda don ya zama darasi ga na baya. Wani abokin aikinmu, mutum mai yawan karance-karance, ya ce duk wahalar banza muke yi: da hukuma za ta halatta abin, ta sayar da shi a fili kamar taba, da babu mai tebur, babu kuma yaron da za a aika. Aka yi masa ca. Ni kuwa ban ce uffan ba, kuma shirun nan ya daɗe yana cina.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ɓangarorin biyu suna magana ne kamar mutum ɗaya ke gabansu, alhali mutum uku ne. Akwai mai sha, akwai ƙaramin dillali mai ƙulli a aljihu, akwai kuma mai kaya, wanda ba ya taɓa ƙwayar da hannunsa, wataƙila ma bai san launinta ba. Kalmar "ɗan ƙwaya" ta haɗa su cikin buhu guda, sai gardama ta rikice tun kafin a soma ta.

Bari mu fara da masu cewa a tsananta, don hujjarsu tana da nauyi. Uwar da ta ga ɗanta yana faɗuwa yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, tana da haƙƙin ta nemi a hukunta wanda ya sayar masa. Dillali ya san abin da yake sayarwa, ya san wa yake sayar wa, kuma ribarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mai saye ya kasa bari. Ciniki ne wanda lalacewar abokin ciniki ita ce jarinsa. A nan ba ni da ja.

Inda nake ja shi ne wajen zaton da ake yi cewa tsananin hukunci shi ke kashe kasuwa. Maƙwabtanmu sun gwada. A 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta kafa dokar kisa kan fataucin miyagun ƙwayoyi, a watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas, ƙarƙashin dokar da aka yi bayan sun riga sun aikata laifin. Ba a iya wuce wannan tsanani. Amma binciken da aka gudanar a ƙasar a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwaya, ya ƙiyasta masu amfani da kayan maye mutum miliyan 14.3. A Filifin, daga 2016, shugaba Duterte ya sakar wa ƴan sanda hannu. Alƙaluman gwamnatinsa da kanta sun amsa mutuwar mutum fiye da 6,000, kusan dukansu daga unguwannin talakawa, kuma a watan Maris na 2025 shi ne aka kai gaban kotun duniya ta Heg. Ana yawan kawo misalin Singafo, inda ake rataye mai fatauci. To, Singafo tsibiri ne da bai fi birni guda ba, mai arziki da ma'aikata masu albashin kirki. Mu iyakarmu da Nijeriya kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Magarya zuwa Ɓaɓura, ya san hanyoyin babur sun fi shingen duwan yawa.

Tun a 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Bekariya, ya lura cewa abin da ke hana mutum laifi shi ne tabbacin za a kama shi, fiye da girman azabar da aka rubuta a takarda. Ina so in ƙara wani abu da bai kamata ya ɓace mana ba a ƙasashe irin namu. Inda hukuma ke da rauni, tsananin doka yana komawa farashi. In hukuncin wata uku ne, cin hancin da zai kankare shi kaɗan ne. In shekara ashirin ne, cin hancin sai mai hali. Ke nan duk lokacin da aka ƙara nauyin hukunci ba tare da an gyara masu zartar da shi ba, an ƙara tace waɗanda za su shiga kaso ne, a bar marasa kuɗi kaɗai a ciki. Dokar da aka yi don manya sai ta ƙare a kan ƙanana.

A watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da fataucin ƙwaya ta ƙasarmu, OCRTIS, ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani sito cikin Yamai. Kayan sun taso daga Labanan, sun bi ta tashar ruwan Lome, za su Libiya. A watan Janairu na 2022 aka kama hodar iblis fiye da kilo 200 cikin motar magajin garin Fashi, a jahar Agadas. Tan 17 ba kayan kai ba ne. Sai da jirgi, da manyan motoci, da takardu masu hatimi, da idanun da aka biya su rufe a kowane shinge. Waɗannan kamun abin yabo ne, kuma su ke nuna inda tsanani ya dace ya sauka. Amma mai karatu ya tambayi duk wanda ya taɓa kai wa fursuna abinci: su wa ya tarar a ciki saboda ƙwaya? Samari ne ƴan kabu-kabu da ƴan dako, waɗanda aka samu da ƙulli biyu ko uku. In an ɗauke ɗaya yau, gobe wani ya gaji gurbinsa, don masu neman abin sawa a baki ba su ƙarewa. Wannan shi ne barin jaki ana dukan taiki.

To, in haka ne, abokin aikina ya yi gaskiya ke nan? Hujjarsa tsohuwa ce, kuma tana da asali. Jon Situwat Mil, masanin falsafa ɗan Ingila, ya kafa ta a littafinsa na 1859 kan ƴanci: hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi mai hankali sai don ta hana shi cutar da wani, abin da ya shafi jikinsa nasa ne. Tarihi ma ya ba ta goyon baya ta wani gefe. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, mashaya ba su ƙare ba, sai dai cinikin ya koma hannun ƴan ta'adda irin su Al Kafon, har dole aka soke dokar. Urugwai a 2013 da Kanada a 2018 sun halatta wiwi bisa wannan tunani: gara hukuma ta san mai sayarwa, ta auna ƙarfin kaya, ta karɓi haraji, da a bar shi cikin duhu.

Sai dai mu nan ba mu buƙatar misalin Kanada, don mun riga mun ga halattawa da idonmu, ko da yake ba da wannan suna ba. Tiramol magani ne na gaskiya, mai kashe zafin ciwo, ɗan dangin ofiyam. A Jamus aka haɗa shi a 1962, kuma ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka ƙayyade. Likita yana rubuta miligiram 50 ko 100. Wanda ya cika kasuwanninmu, mafi yawansa daga Indiya, mai 120 ne, da 200, da 225. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa a faranti bisa kai, ana baza shi a tebur tare da maganin ciwon kai, mai shayi yana jefa shi cikin kofi in an yi masa ishara, farashinsa bai kai na kwanon tuwo ba. Babu ɓoyo, babu tsoro. Kasuwa ce sakakkiya, kuma abin da ta haifa kowane malamin makaranta ya gan shi a aji. Da Indiya ta tsaurara fitar da shi a 2018, sai ga wata ƙwaya mai suna tafentadol, wadda aka gauraya da wani maganin sakin jijiya, ta biyo hanya ɗaya, har sai da Indiya ta hana wannan haɗin a 2025. Halattawar da ake yabo a Kanada tana tsaye ne kan hukumar da ke iya auna kaya, ta duba shekarun mai saye, ta rufe kantin da ya saɓa. In ba a iya hana sayar da maganin jabu a rana tsaka, da wane ƙarfi za a ƙayyade kayan maye? Ko Amurka mai ƙarfin hukuma, annobarta ta ofiyam daga kantin magani ta soma, da takardar likita, cikin shekarun 1990; a 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu can ta hanyar wuce kima.

Akwai kuma rauni cikin hujjar kanta. Mutumin da Mil ke magana a kansa baligi ne mai zaɓi, kuma shi da kansa ya fitar da yara daga ƙa'idarsa. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Sannan jaraba ita ce abin da ke cinye zaɓin da ake son karewa: ranar farko mutum ne ya zaɓi ƙwaya, bayan wata shida jikinsa ne ke zaɓar masa. Wani abin da masu gardama daga nesa ba su lura da shi ba, da yawa cikin masu shan tiramol ba nishaɗi suke nema ba. Mai noman ƙodago ne da ke son ya gama gona biyu kafin la'asar, mai haƙar zinari ne, mai tura kura ne, ɗan kabu-kabu ne da sai ya cika kuɗin mai babur kafin ya samu nasa. Wanda ya sha ƙwaya don jikinsa ya jure aikin da ya fi ƙarfinsa, kiran wannan ƴanci yana mini nauyi a baki. Kuma cewa kansa kaɗai yake cuta, sai a tambayi fasinjan da ke bayan babur ɗin.

Tsakanin ƙofofin biyu akwai ta uku, wadda ake yawan rikitawa da halattawa. Fotugal a 2001 ba ta halatta kome ba. Fatauci ya ci gaba da zama laifin ɗauri. Abin da ta canja shi ne, wanda aka samu da abin shansa na kwana goma ko ƙasa da haka, ba kotu ake kai shi ba, sai gaban wani kwamiti na masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a, su duba ko magani yake buƙata. Kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura ta ragu ƙwarai, kuma ambaliyar mashaya da aka yi tsoro ba ta zo ba. Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwaya, wanda Kofi Annan ya kira, Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara mai kama da wannan a 2014, Gana kuma a 2020 ta maye ɗaurin mai sha da tara. Amma kada a ɗauka sihiri ne. Jahar Oregon ta Amurka ta cire hukunci a 2020 kafin gidajen magani su kankama, a 2024 ta mayar da shi. Mu da likitocin ƙwaƙwalwarmu ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, in muka buɗe ƙofar kaso ba mu buɗe ta likita ba, mun guje wa gara mun faɗa wa zago.

Na san abin da wani zai ce: abin haram ne, yaya za a sassauta? Haramcin maye ba abin tantama ba ne wurin malamai. Sai dai haramci dabam, hanyar magance shi dabam. Giya ma a hankali aka hana ta, mataki bayan mataki, ga mutanen da suka tashi cikinta. An kuma ruwaito cewa Sayyadina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, ba don sata ta halatta ba, don ya duba halin da ya kai mutum gare ta. Ƙin ɗaure mashayi ba yarda da shansa ba ne, kamar yadda ƙin korar ɗa daga gida ba yarda da halinsa ba ne. Dokarmu ta 1999 kan yaƙi da ƙwaya tana hukunta mai fatauci da mai sha. Ra'ayina shi ne nauyinta ya hau sama, zuwa ga mai sito da mai hatimi da dukiyar da suka tara, mai sha kuwa a ɗauke shi majinyaci.

Wanda ya rage mini da wuya shi ne na tsakiya, kuma nan ne tsarin da na shimfiɗa yake tangal-tangal. Yaron nan namu mashayi ne da ƙwaya biyu, dillali ne da goma. Waɗanda ya sayar wa ƴan ajinsu ne, su ma ƴaƴan wasu ne, iyayensu sun ba mu amanarsu. In an bar shi an ci amanar goma, in an kore shi an miƙa shi kacokan ga mai tebur, wanda dama shi kaɗai ne ya taɓa ba shi aiki. Da za a sake zaman, da na ce a kira uban yaron da mai unguwa, a riƙe shi a aji bisa sharaɗi, a sa malami guda ya tsaya a kansa, sunan mai tebur kuwa shi za a kai kwamisariya, a kuma koma bayan mako a tambayi inda maganar ta kwana. Babu ko ɗayanmu da ya kawo wannan a ranar. Tasha tana da nisa, mai tebur yana da mutane, yaron kuwa ga shi tsaye a bakin ƙofa.

Da aka zo ƙidayar hannu, na ɗaga nawa tare da masu rinjaye. Ba a kai shi ga ƴan sanda ba, darakta ya ce kora ta isa. Bayan kamar shekara biyu na hau kabu-kabu daga kasuwa, sai da muka yi nisa mai babur ya waiwayo ya ce, "Mushe, ba ka gane ni ba?" Idanunsa jawur. Ya ƙi karɓar kuɗina. Hanyarmu ta bi ta bakin tasha, teburin yana nan inda yake, har an yi masa rumfar kwano.