Tsadar Kwalba Ta Kan Tsarkake Giya?

Akwai wata tambaya da ta kamata masu-bi na Badarawa da sauran unguwannin Kaduna su tsaya su auna. Idan aka ga ɗan ekklesiya da ƙwaryar burukutu, nan da nan dattawa su kan kira shi su tsauta masa. Amma idan mai hali ya jera kwalaben shiraz a kan tebur ran bikin 'yarsa, sai mu yi shiru, har waɗansu su ce wayewar kai ce. Ashe mudu biyu gare mu?

Bari mu fara da sanin abin. Shiraz jan ruwan inabi ne mai kauri, wanda ya kan yi kamar baƙi cikin tambulan. Ko da ya ke sunansa ɗaya da wani birni na ƙasar Farisa, masana sun tabbatar asalin kurangar daga kudu maso gabashin Faransa ne, inda a ke ce da ita Syrah. A 1832 wani mutum, James Busby, ya kai irinta Ostareliya, ta kuwa karɓi ƙasar ƙwarai. A 1951 Max Schubert ya fara yin wanda a ke kira Grange. Da shugabanninsa suka hana shi, sai ya ci gaba a ɓoye, yau kuwa yana cikin mafi tsada a duniya. Mai kyaun ya kan shekara ko fiye cikin gangar katako kafin a zuba shi a kwalba. Mashayansa suna yabon ƙanshinsa mai kama da masoro, da ɗan bauri irin na goro. Lalle akwai gwaninta da haƙuri cikin aikin, ba mu musun wannan.

Amma ga abin da ba a cika faɗi ba. Cikin kashi 100 na shiraz, kashi 14 ko 15 abin sa maye ne. Giyar kwalba kamar kashi 5 ce. Watau tambulan ɗaya na shiraz ya kusa ninka na giyar kwalba sau uku. Hanta ba ta san farashi ba, hankali kuma ba ya tambayar daga wace ƙasa kwalba ta fito kafin ya gushe.

Wani zai ce, ai Ubangijinmu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana, Bulus kuma ya shawarci Timoti ya sha kaɗan domin cikinsa. Gaskiya ne. Shi ya sa masu-bi ba su zama baki ɗaya ba. Katolika da Angilika suna amfani da shi a Jibin Ubangiji. Waɗansu ekklesiyoyi kuwa sun zaɓi ruwan inabi marar sa maye, irin wanda Thomas Welch ya fara yi a Amurka a 1869. Ba za mu raba wannan gardama yau ba. Amma dukansu sun yarda maye zunubi ne, son kai cikin shari'a kuma zunubi ne.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, in ekklesiyarku ta hana giya, ta hana wa lebura da babban ma'aikaci daidai. In ta yarda da kaɗan, kada ta ƙyale mai kuɗi ta kunyata talaka. Gama saurayin da aka hore shi domin burukutu, sa'an nan ya ga dattijo yana buɗe shiraz ba mai cewa uffan, zai koyi cewa talaucinsa ne laifinsa.

Mu tuna kuma, a Badarawa yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗanda giya haram ce a gare su. Suna ganin abin da ke shiga gidajenmu. Kafin mu buɗe kwalba, bari mu tambayi kanmu, wa zai yi tuntuɓe saboda ita? Allah ya ba mu mudu ɗaya na gaskiya.