Ƙanshin da Yake Fitowa Daga Rauni

Kowace shekara a Makon Tsarki, Bishop yakan tara firistocinsa a babbar majami'a domin keɓe mai. A cikin mai iri uku da yake sa wa albarka, ɗaya kaɗai ake zuba wa ƙanshi, wato man Kirisma. Yakan gauraya man zaitun da balsam, ya hura numfashinsa a bakin tulun, sa'an nan ya yi addu'a. Da wannan mai aka shafe kanmu ranar baftisma, da shi aka yi mana alamar gicciye a goshi ranar Ƙarfafawa, da shi kuma ake shafa tafin hannun sabon firist.

Balsam ɗin nan ƙaro ne na itace. Wanda ake kira balsam na Peru, a ƙasar El Salvador ake samunsa. Sunan ya bi hanyar fataken dā ne kawai. Akan daddaki ɓawon itacen, a babbaka wurin da wuta, a manna tsummoki su tsotse ƙaron, a dafa su, a matse. Lubban da muke ƙonawa a gaban bagade shi ma haka: a Somaliya, Habasha, Sudan da Oman akan tsaga ɓawo da wuƙa, a jira makonni har hawayen itacen ya daskare. Mu ma mun san danginsa, gama itacen hano na duwatsun ƙasarmu ɗan'uwan itacen lubban ne, dashi kuwa dangin itacen mur.

Itacen yana fid da ƙaron ne domin ya rufe rauninsa. A daren Ista firist yakan kafa ƙwayar lubban 5 a jikin babban kyandir, domin raunuka 5 na Ubangiji. Mur ɗin da masu hikima suka kawo masa a Baitalami, irinsa Nikodimu ya kawo ranar jana'izarsa.

Amma mu yi hattara da yadda muke wa'azin wannan. Masu tsagar lubban sun sani cewa itacen da aka yi wa tsaga fiye da kima, ba a bar shi ya huta ba, irinsa yakan raunana, ƙwari su shige shi, ya mutu a tsaye. A arewacin Habasha akwai dazuzzukan da tsofaffin itatuwa suke ƙarewa, ƙanana ba sa tasowa. To, sau nawa muke ce wa gwauruwa ta yi haƙuri, wai wahala ce take kawo lada, alhali dangin mijinta, masu zuwa Misa tare da mu, su ne suka ƙwace gonar? Sau nawa muke yabon jimirin katikis wanda ya yi watanni bai ga ladan aikinsa ba? Kristi ya karɓi raunukansa da yardar kansa; bai ba kowa izinin riƙe wuƙa a kan ɗan'uwansa ba. Goshin gwauruwar nan da na masu ƙwacen, daga tulu ɗaya aka shafe su.