Inuwar Karen ta Wa ce?

A darasin sunayen wurare malaminmu ya ce kowa ya zaɓi gari guda ya bi asalin sunayen unguwanninsa. Ni na ɗauki Nairobi, babban birnin Kenya, don na ji sunan ya fito daga harshen Masai, ma'anarsa ruwa mai sanyi. Na zaci aikin kwana biyu ne. Sai na buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a salula, na ga abin da ya hana ni barci: kudu maso yammacin birnin kore shar, gidaje jefi-jefi cikin itatuwa, ka matsa kaɗan wajen tsakiyar gari, sai rufin kwano mai tsatsa, manne da juna, ko icce ɗaya da wuya ka gani.

Koren wurin sunansa Karen. Mai tsatsar sunansa Kibera. Kibera kuwa daga kalmar Nubawa take, sojojin da Ingila ta kawo daga Sudan ta zaunar da su nan, kuma ma'anarta daji. To ka ji: unguwar da ake kira daji ba ta da daji, wadda ke da dajin kuma tana amsa sunan Baturiya.

Karen gona ce tun farko. Karen Blixen, ƴar ƙasar Danmak, ta iso Kenya a 1914, ta riƙe gonar kafe a gindin duwatsun Ngong, fili wajen hekta 2,400, amma kashi ɗaya cikin goma kawai aka shuka wa kafe. Wurin ya yi tudu da yawa ga kafe, ga fari, ga fara, ga faɗuwar farashi. A 1931 gonar ta karye, ta koma gida. Wanda ya saya ya yanka filin manya-manya ya sayar wa Turawa. Littafinta Out of Africa ya fito a 1937, aka yi fim ɗinsa a 1985, gidanta ya zama gidan tarihi a 1986. Yau unguwar masu hannu da shuni ce, baƙaƙe da farare, kuma a gefenta akwai dajin Oloolua da ake karewa, inda kogin Mbagathi ke ratsawa, mutane na biyan kuɗi su shiga shan iska.

Amma kafin gona fa? Makiyayan Masai na kiwo a yankin, har yarjejeniyoyin 1904 da 1911 suka raba su da mafi kyaun ƙasarsu. A cikin gonar kanta akwai iyalan Kikuyu da ke noma ƴan filayensu, bisa sharaɗin yi wa mai gona aikin kwana 180 a shekara. Dokar mulkin mallaka ta kira su da kalmar da ke nufin ƴan kama-wuri-zauna. A nan ɗalibin harshe ya kamata ya tsaya. Baƙon da ya zo jiya cikin jirgin ruwa shi ne mai gida, ɗan ƙasa shi ne ɗan kama-wuri-zauna. Kafin a ƙwace wa mutum gona, sai an fara ƙwace masa suna. Da aka sayar da gonar, aka ce su tashi. Gaskiya ce Blixen ta yi ta zirga-zirga ofis-ofis har aka ba su wani wuri su zauna tare. Ta kyauta, amma sun tashi ɗin.

Ga tambayata. Itatuwan Karen sun tsira ne saboda an hana talaka zama cikinsu. Da an bar jama'a sun cika wurin, da wataƙila yau shi ma kwano ne. To alherin da zalunci ya haifa, me za a yi da shi?

Na kawo maganar a fada wurin shayi, aka rabu biyu. Wani abokina ya ce: "Kai, a raba filin kawai! Mutum na kwana su takwas a ɗaki ɗaya, kana yi mini zancen birai da tsuntsaye?" Ban iya raina maganarsa ba. Wanda bai san matsin ɗaki ba shi ke saurin cewa icce ya fi. Sai dai in an sare dajin, wa aka rama wa? Masai ɗin da aka kora ba za su dawo ba. Kuma mun san yadda rabon fili ke ƙarewa: ba mai kwana su takwas ke samu ba, mai kuɗi da mai sanayya ke samu. A saran, talaka ya yi hasara biyu, ba fili ba iska.

Wata ƴar ajinmu ta ce: "Abin da ya wuce ya wuce. Waɗanda ke ciki yau da kuɗinsu suka saya, icce kuma bai san Bature ba." Rabin maganarta daidai ne. Icce ba ya da laifi, wanda aka haifa bayan 1963, shekarar da Kenya ta samu ƴancin kai, bai kori kowa ba. Amma rashin laifi daban, rashin bashi daban. Wanda ya gaji gidan ubansa ya gaji bashin da ke kansa, ko bai ci ko dala ba. Haka muke yi a rabon gado: sai an biya bashi kafin a raba.

Nawa ra'ayin, kada a sare, kada kuma a manta. Bashin ana biyansa da ƙofa. In daji na tsakiyar birni ya zama sai mai mota da kuɗin shiga ke ganinsa, to gonar Bature ce har yau, mai gadi kawai aka canza. A nan Nairobi ɗin Wangari Maathai ta nuna wata hanya: a 1999 aka fasa mata kai a dajin Karura don ta hana a yanka shi a raba wa manya. Ba don a kulle shi ta sha dūka ba, don ya zauna na kowa ne. Ana kuma biyan bashin da suna. Duk allon da ya faɗi shekarar da Blixen ta zo, ya kamata ya faɗi su wa ta tarar, da inda aka kai su.

Kada mu ce zancen Kenya ne kurum. A Yamai an fara dasa zoben itatuwa kewaye da birni tun 1965, mafi yawa dogon yaro, don tare iska da ƙura. Ba gonar wani Bature ba ce, ta jama'a ce tun ranar farko. Je ka duba yau yadda aka yayyanka ta, gini na cin ta ta kowane gefe. Na Karen ya tsira don yana da masu shi masu ƙarfi. Namu na kowa ne, shi ya sa ya zama kamar marar uba. Wannan shi ya fi ba ni kunya cikin duk abin da na karanta: har yanzu shinge ya fi amana tsare icce.

Aikin da malam ya ba ni na miƙa, ya tsaya kan asalin sunaye. Abin da ban rubuta masa ba shi ne wannan: yaron Kibera da sunan unguwarsa ke nufin daji, yana da haƙƙin ya ga daji da idonsa, ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wa ne ba.