Fure a Gidan Makoki: Ko Aike Zai Tsaya a Madadin Ƙafa?

Duk mai leƙa Instagram ko WhatsApp a 'yan shekarun nan ya ci karo da masu sana'ar haɗa ƙunshin furanni a Kano da Kaduna da Abuja. Mutum zai zaɓi kalar da yake so, ya tura kuɗi ta waya, ya ba da kwatancen gida, mai babur ya kai. Idan wanda za a kai wa yana Kazaure ne, ba wani abin wahala ba ne a ba direban motar Daura saƙon a tasha, cikin sa'a biyu ya isa. Daga can kuma akwai mai ƙarasawa da shi Roni ko Gwiwa. An saba ganin irin wannan kyauta wajen baiko, ko haihuwa, ko kammala karatu. To amma tunda hanya ta buɗe, tambaya ta gaba ba ta da nisa: idan an yi wa abokinka rasuwa a Babura, kai kuma kana Legas ko Fatakwal, ya dace ka yi odar fure a kai masa? In ka yi, ka sauke nauyin ta'aziyya ke nan?

Tambayoyi biyu ne a cuɗe, kuma gara a raba su. Ta farko a kan furen kansa take. Ta biyu a kan aike take, wato ko abin da hannun wani ya kai zai iya zama daidai da zuwanka.

Amsar da aka fi saurin bayarwa game da fure ita ce, ba al'adarmu ba ce. Akwai gaskiya a ciki. Masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi a 1993 a kan matsayin fure a al'adun duniya, kuma abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda Afirka kudu da Sahara ba ta mayar da furen kallo abin kyauta ko na ibada ba, saɓanin Indiya da Sin da Turai. Ba don ba mu da fure ba ne. Wanda ya taso a ƙasar Kazaure ya san jajayen furannin ɗorawa masu reto a bazara, ya san ƙamshin furen darbejiya da na lalle, ya san bado a kan tafki bayan damina. Mun dai fi kallon fure a matsayin alƙawarin abin da zai biyo baya. Manomi ya ga wake ya yi fure, ransa ya yi fari, amma ba zai tsinke shi ya kai wa matarsa ba, domin tsinke shi asarar 'ya'ya ce. Furen da Jigawa ta yi suna a kansa ma, wato zoɓo, shan sa ake yi. Ana tara shi buhu-buhu a kasuwanni irin ta Maigatari, a fita da shi har ƙasar Meziko, inda su ma jiƙa shi suke yi su sha.

Sai dai cewa abu baƙo ne bai isa hujjar kore shi ba. Goron da ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi ba ya fitowa a ƙasar Hausa. Fatake ne suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa. Shayin da ake karyawa da shi baƙo ne. Atamfar da ake alfahari da ita a lefe, sunan ƙasar Holan ake kiran ta da shi, kuma a wannan ƙasar ce dai babbar kasuwar gwanjon furanni ta duniya take, a garin Aalsmeer, inda wardin da aka noma a gaɓar tafkin Naivasha na Kenya ke sauka kafin a rarraba shi. In mun karɓi zanen Holan har ya zama namu, ba za mu ƙi fure don kawai ya zo daga waje ba. A ɓangaren addini kuwa, ya inganta a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana a mayar da kyautar raihani, tsiro mai ƙamshi, saboda ba shi da nauyin ɗauka kuma ƙamshinsa mai daɗi ne. Don haka wanda ya kai wa matarsa fure, ko ya aika wa ƙanwarsa da ta gama karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, bai yi abin kunya ba.

Wasu kuma cewa suke yi asarar kuɗi ce, tunda ba a cin sa, kuma a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba zai kwana biyu ba ya yanƙwane. Wannan ma ba ta kama sosai ba. Turaren wuta ƙonewa yake yi ya bi iska, lallen amarya gogewa yake yi, amma ba wanda ya kira su asara. Akwai kyautar da amfaninta shi ne ta nuna cewa an tuna da kai ba don kana cikin buƙata ba. Ɗan Adam ba ciki kaɗai ba ne. Majinyacin da ya shafe mako uku yana kallon bango ɗaya a asibiti zai iya jin sanyi a ransa idan ya ga wani abu mai launi a gefen gadonsa, muddin dai an riga an biya kuɗin magani.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kawo mu gidan makoki. Ma'aunin kyauta yana wajen wanda aka ba, da halin da yake ciki a ranar. Ka dubi yadda gidan rasuwa yake a garuruwanmu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zuwa rukuni-rukuni, a yi addu'a a shafa, a tashi wasu su zauna. A cikin gida mata sun cika tsakar gida, baƙi sun zo daga ƙauyuka, wasu za su kwana uku, wasu bakwai. Ana buƙatar ruwa, ana buƙatar itace, ana buƙatar hatsi. Matar mamacin za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, sau da yawa ba tare da wanda zai ci gaba da cefane ba. Shi ya sa maƙwabta ke ɗora tukunya su aiko da kwanukan tuwo da kunu. Wannan ɗabi'a tana da asali: lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Hikimar a fili take. Mai baƙin ciki ba ya iya kula da kansa, don haka sai a ɗauke masa wani nauyi.

Yanzu ka sa ƙunshin wardi a tsakiyar wannan tsakar gida. Wa zai karɓa? A ina za a ajiye? Tsohuwar da ta rasa ɗanta za ta dube shi ta rasa me ake nufi, wataƙila ma ta ɗauka an yi kuskuren gida, an kawo kayan biki wajen mutuwa. Kyauta harshe ce, kuma magana ba ta da amfani idan wanda ake yi wa ba ya jin yaren. A Landan, lokacin da Gimbiya Diana ta rasu a ƙarshen Agustan 1997, jama'a sun jibge furanni a ƙofar fadar Kensington har suka rufe fili, kuma kowa a can ya gane cewa kuka ne ake yi da fure. A Gwiwa ba haka za a karanta shi ba. Ko a Turai da Amurka ma ba kowa ke yi ba: Yahudawa masu riƙo da al'adarsu abinci suke kai wa gidan makoki a kwana bakwai na zamansu, kuma iyalai da yawa kan roƙi a ba da kuɗin furen sadaka ga wata gidauniya. Idan kuwa gidan da aka yi rasuwar na maƙwabcinka Kirista ne wanda a wajensu fure alamar girmama mamaci ce, to kai masa shi magana ce da yaren da yake ji. Abin lura ɗaya ne a duka biyun: a tambayi abin da zai sanyaya zuciyar mai makoki, kafin abin da zai burge mai bayarwa.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi. Aika fure daga nesa ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1910 masu sayar da furanni a Amurka suka haɗa ƙungiya don mutum ya biya a garinsu, a buga waya zuwa wani gari, a kai kyautar a can. Abin da suka sayar a zahiri shi ne sauƙi: ka isar da gaisuwa ba tare da ka motsa ba. Mu ma yau mun samu wannan sauƙin, ko da fure ko babu. Ana tura kuɗi ta banki, ana rubuta ta'aziyya a ƙarƙashin hoton mamaci a Facebook, ana sa shi a status a bi da addu'a. Duk waɗannan alheri ne, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma Bahaushe da ya ce zumunta a ƙafa take ya san abin da yake faɗa. Ta'aziyya asalinta ba da haƙuri ne, kuma haƙuri ya fi shiga idan mai ba da shi ya bar kasuwarsa, ya sha ƙurar hanya, ya zauna a tabarma ɗaya da kai. Wahalar zuwan ita ce saƙon. Wanda aka yi wa rasuwa zai iya manta abin da ka ce, zai iya manta nawa ka bayar, amma shekara ashirin ba zai manta wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Za a ce, to wanda ba shi da halin zuwa fa? Ɗan Roni da ke aikin soja a Maiduguri, ko 'yar Babura da ke aure a Saudiyya, ko ɗalibin da kuɗin motar zuwa gida ya fi ƙarfin aljihunsa? Waɗannan uzurinsu karɓaɓɓe ne, kuma a wajensu aike rahama ce. Abin da ya dace da su shi ne su kira da muryarsu, su yi haƙurin sauraron kuka, su aika abin da zai rage nauyin gidan, ko buhun gero ne ko kuɗin makarantar maraya, sannan ranar da Allah ya kawo su gida su fara sauka a can, ko da bayan wata shida ne. Ta'aziyya ba ta tsufa a wajenmu. Matsalar tana wajen wanda yake cikin Kazaure, rasuwa tana Roni, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba, ya ga ya fi masa sauƙi ya danna waya. Wannan ya sayi hutun kansa ne da kuɗi, ya sa masa sunan kyauta. Zuwa da kai ya fi aike, musamman idan ba abin da ya hana ka zuwan sai ƙyuya.

Akwai kuma wani haɗari da ke biye da kyautar da aka tsara don ido. Ƙunshin fure yana kyau a hoto, kwanon tuwo ba ya yi. Wannan ya sa ake saurin ɗaukarsa a watsa, har ya zama mutanen da ake yi wa kyautar a zahiri su ne masu kallo a intanet. Salon naɗe takardun naira a yi su kamar fure ya nuna inda abin ke dosa, har Babban Bankin Najeriya ya fito a Fabrairun 2023 ya lissafa shi cikin nau'o'in wulaƙanta naira, laifin da dokar bankin ta 2007 ta tanadar wa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. A wajen biki ana iya kau da kai a ce ƙuruciya ce. A wajen mutuwa kuwa, mayar da hawayen wani abin ado ga shafinka rashin tausayi ne. Gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi wa kansa shi ne: da a ce ba wanda zai taɓa sanin na aika wannan abu sai wanda na aika wa, zan aika? In amsar eh ce, niyya ta yi kyau. In zuciya ta yi jim, sai a sake lale.

Ba ina kira a kori masu sana'ar fure ba ne. Yawancinsu mata ne matasa da ke neman halaliyarsu, kuma akwai ranakun farin ciki da yawa da hajarsu za ta ƙawata. Ma'aurata da yawa a ƙasar nan za su amfana da a riƙa ba juna abin da ba na cefane ba. Ina cewa ne kowace rana da kayanta. Ranar suna, ranar sallamar majinyaci, ranar da miji ya so ya ba da haƙuri, fure na iya yin magana. Ranar da aka fita da gawa, abin da gidan ke jira shi ne ƙafarka da addu'arka da kwanonka, sannan dawowarka bayan an naɗe tabarmi, lokacin da baƙi suka watse, gida ya yi shiru, marayu suka fara gane abin da ya same su. A wannan lokacin ne ake sanin masu zumunci, domin babu taro, babu hoto, babu mai gani sai Allah.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba waɗanda suka bari haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon taka ƙafa zuwa ga 'yan'uwanmu tun muna da ƙafar takawa.