Bakin Kada

Ku buɗe littafin Ayuba sura 41. Sa'anda Ayuba ya cika da tambayoyi, Allah bai tsaya yi masa bayani ba, sai ya nuna masa wata dabbar ruwa da ba mai-iya kama ta da ƙugiya. Masana da yawa suna gani kada ne, ko kado, kamar yadda mu Sakkwatawa mu ke ce masa.

Wanda ya bi hanyar Bodinga zuwa Shagari da rani, da wuya ya gaskata cewa teku ya taɓa rufe ƙasan nan. Amma duwatsun Dange da Wurno suna ɗauke da ƙasusuwan kifaye da na kadojin wannan teku. A 1975 har aka raɗa wa wani daga cikinsu suna Sokotosuchus, watau kadan Sakkwato. Babbansu kuwa a Gadufawa aka tono shi, cikin hamadar Nijar, aka sa masa suna Sarcosuchus a 1966. Tsawonsa ya kai ƙafa 30, kansa kaɗai ya fi ƙafa 5. Masu-bincike suna ƙirga masa shekara miliyan 110. Yau yashi ke kwance a kan koginsa.

Amma ba girman ne ya kama zuciyata ba, bakin ne. Cizon kada yana farfasa ƙashi. Duk da haka macen ta kan binne ƙwai a bakin ruwa, ta yi tsaronsu wajen wata 3, ko abinci ba ta cika nema ba. Ranar ƙyanƙyasa 'ya'yan su kan yi kuka tun suna cikin ƙwai. Ta ji, ta tone ramin.

Ku iyaye maza, da ku dattawan ekklesiya, Allah ya ba ku ƙarfi da murya. Sau nawa yaro ya kan ji tafiyar ubansa ya ruga bayan rumbu? Akwai gidajen masu-bi inda mace ba ta iya buɗe baki sai maigida ya fita. Wannan ba horo ba ne, ko da an yi addu'a kafin tuwo.

Uwar nan fa, da haƙoran da ta ke kashe saniya, da su ta ke tsince 'ya'yanta ɗaya ɗaya. Ƙwan da ya ƙi fashewa ta kan juya shi cikin bakinta a hankali har ya buɗe, kana ta kai su ruwa.