A Kan Tudun Magiddo: Ziyarar Ibada ko Lissafin Ranar Ƙarshe?

Da yawa cikin waɗanda Allah ya ba su ikon zuwa Ƙasa Mai Tsarki sukan hau tudun Magiddo kafin su dawo. Mu ma mun hau shi. Daga bisansa mutum yakan hangi kwarin Yezreyel shimfiɗe da gonaki, ga tuddan Nazarat can nesa, ga kuma Dutsen Tabor. Muna tsaye sai wani ayarin masu ziyara ya iso, mai wa'azinsu yana riƙe da taswira, yana nuna musu ta inda rundunonin arewa za su ɓullo, da inda jini zai malala, yana kuma haɗa kowace aya da labaran rediyo na makon. Wani dattijo daga cikinmu ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya juyo ya ce, "Fada, ashe nan ne za a ƙare? To, saura shekara nawa?"

Tambayar ta fito ne daga zuciya mai tsoron Allah, saboda haka ba ta cancanci dariya ba. Amma ta tashe mu ga wata tambaya wadda ta fi ta nauyi: ko ya dace mai bi ya taka waɗannan wurare masu tsarki da nufin gano lokacin da duniya za ta tashi?

Bari mu fara da tudun kansa. Magiddo ba dutse ba ne irin wanda Allah ya kafa. Kufai ne a kan kufai, gari a kan gari, har hawa sama da 20, kowane an gina shi bisa tokar wanda ya riga shi. Dalili kuwa shi ne wurin yana tsaron mashigin babbar hanyar da ta haɗa Masar da ƙasashen arewa, duk sarkin da ya riƙe shi ya riƙe fatauci da yaƙi. Fir'auna Tutmos na Uku ya yi yaƙi a nan a ƙarni na 15 kafin haihuwar Kristi. A nan ne Yosiya, sarkin Yahuda mai adalci, ya faɗi a hannun Fir'auna Neko a shekara ta 609 kafin haihuwar Kristi, kamar yadda littafin Sarakuna na Biyu ya ba da labari. Har a 1918 sojojin Ingila a ƙarƙashin Janar Allenby sun ci rundunar Turkawa a wannan yanki.

Sunan Armagedon kuwa sau ɗaya tak ya fito cikin dukan Littafi Mai Tsarki, a Ru'ya ta Yohanna 16:16, yawancin masana kuma sun ɗauka ma'anarsa dutsen Magiddo. Yohanna yana tsibirin Batmos sa'ad da ya rubuta wa ikilisiyoyi bakwai na Asiya, mutanen da mulkin Roma ya matsa musu. Ya zaɓi sunan da duk wanda ya san Tsohon Alkawari zai gane nan da nan, watau filin da sarakuna suka sha taruwa suka sha faɗuwa, domin ya ƙarfafa su cewa girman kan masu mulki yana da iyaka, nasara kuma ta Ɗan Rago ce. Bai ba su shekara ba. Da ya yi nufin zana taswirar yaƙin da za a yi bayan shekara dubu biyu, da wasiƙarsa ba ta amfani waɗanda aka aika wa da kome ba.

A Urushalima ayarin nan iri ɗaya sukan tsaya a kan Dutsen Zaitun, su fuskanci Ƙofar Zinariya wadda Sarkin Turkawa Sulaiman ya sa aka toshe a 1541, su yi ta lissafin ranar da za ta buɗe. Abin mamaki shi ne a kan wannan dutse ne almajirai suka yi wa Ubangijinmu tambayar dattijonmu. Ya faɗa musu Haikali zai rushe, ya kuwa rushe a shekara ta 70 a hannun Titus. Duwatsun da aka turo ƙasa suna nan zube, mun gan su da idonmu. Amma game da ranar ƙarshe, Markus sura 13 ta nuna ya ɓoye ta har ga mala'iku, ya bar saninta ga Uba kaɗai. Suka sake tambaya gab da hawansa sama, ya sake hana su, ya aike su aikin shaida. Wanda ya tsaya a daidai inda aka hana lissafi ya fito da alƙalami, lalle bai saurari mai wurin ba.

Hausawa suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye. Hal Lindsey ya fitar da littafi a 1970 wanda ya sa mutane da yawa suka ƙirga shekara 40 daga kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948, suka sa ido ga 1988. Harold Camping ya tsayar da 21 ga Mayu 2011, waɗansu suka kashe abin da suka tara wajen yaɗa sanarwar. Kada kuwa mu nuna wa waɗansu yatsa mu manta da gidanmu. Ƙungiyar da ta hallaka mutane fiye da 700 a Uganda, wadda wutar Kanungu ta 17 ga Maris 2000 ta tona asirinta, daga cikin 'ya'yan Katolika ta ɓalle, har da waɗanda suka taɓa zama firistoci cikin shugabanninta. Sun ce duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999. Mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa musu kuɗin. Da ranar ta wuce, masu dukiya suka fara tambaya, abin da ya biyo baya ke nan.

Duk da haka, adalci ne mu yarda cewa ba son sani kawai ke tura mutum ga wannan lissafi ba. Wanda aka ƙone masa gida, wanda ya binne ɗansa, wanda ya bar gonarsa ba shiri, yana da dalilin ɗaga kai ya tambayi Allah sai yaushe. Shahidan da ke cikin Ru'ya ta Yohanna ma sun yi irin wannan kuka. Ikilisiya kuma ba ta taɓa sakin begen dawowar Kristi ba. Muna furta shi kowace Lahadi, muna kuma keɓe masa makonnin da ke gaban Kirsimati. Abin da ta ƙi shi ne a mai da bege lissafi. Majalisar Lateran ta Biyar, a 1516, ta hana masu wa'azi tsayar da lokacin zuwan magabcin Kristi ko ranar shari'a. Tun kafin wannan da fiye da shekara dubu, Waliyi Agustin ya amsa wa wani bishop mai suna Hesikiyus da misalin bayi uku masu ƙaunar ubangijinsu: ɗaya yana cewa ya kusa, ɗaya yana cewa da saura, na ukun ya yarda bai sani ba. Agustin ya zaɓi na ukun, gama idan na farkon ya yi kuskure, bangaskiyar waɗanda suka saurare shi ce za ta girgiza.

Bambancin jira da lissafi a fili yake ga kowace mace mai tsammanin baƙo. Idan ta san sa'ar isowarsa, tana iya barin tsakar gida ba shara har sa'ar ta kusa. Idan ba ta sani ba, kullum randa cike take. Rashin sanin ranar alheri ne, domin shi ke sa kowace rana ta yi nauyi: bashin da za a biya, a biya yau, gafarar da za a nema, a nema yau. Waɗansu a Tasalonika sun ajiye aiki suna zaman banza, Manzo Bulus ya kore su zuwa sana'arsu su ci guminsu.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi kuskuren shekara muni, ita ce ta fi damunmu. Wanda ya ɗauki Ƙasa Mai Tsarki a matsayin filin da za a buga wasan ƙarshe, a hankali yakan daina ganin mazaunanta a matsayin mutane. Bayahude ya zama alama, Balarabe ya zama alama, yaƙi kuma ya zama albishir. Bayan harin 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo, mun ji masu bi suna magana da zumuɗi cewa annabci yana cika, alhali kuwa iyaye mata a kowane gefe suna makoki. Wannan ba halin Yesu ba ne. A gangaren Dutsen Zaitun akwai ɗan ƙaramin coci da 'yan Faransiskan suka gina a 1955 domin tunawa da inda ya hango Urushalima. Ya san halakar da ke zuwa mata, abin da ya yi kuwa kuka ne. Marigayi Paparoma Francis ya bi wannan sawu: kusan kowace yamma yakan buga waya ga cocin Iyali Mai Tsarki da ke Gaza, yana tambayar lafiyarsu da abin da suka samu suka ci, har kwanakinsa na ƙarshe a Afrilu 2025.

To, me ya kai mu can? Iyayenmu cikin bangaskiya ma sun yi wannan muhawara. Waliyi Gregori na Nisa ya je Urushalima wajen shekara ta 380, ya dawo yana gargaɗi cewa sauya wuri ba ya kawo mutum kusa da Allah. Waliyi Jerom, wanda ya zauna a Baitalami daga 386 har mutuwarsa, ya rubuta wa wani abokinsa cewa zaman kirki ne abin yabo, ba isa birnin ba. (Waɗanda suka ƙara haruffa biyu a bayan sunansu bayan dawowa, sai su riƙe wannan.) Duk da haka Jerom bai bar Baitalami ba, gama gani ya kori ji. Waɗannan wurare shaidu ne na abin da ya riga ya faru: Allah ya zama mutum a wani ƙauye mai suna, ya sha ruwan wata rijiya, aka binne shi a wani kabari, kabarin kuma ba kowa a ciki. A Baitalami da Nazarat har yanzu akwai Kiristoci Larabawa masu yin Misa da harshensu, da yawa cikinsu da sassaƙar itacen zaitun suke ci da iyali, ayarin da ke gaggawar zuwa Magiddo kuwa yakan wuce su ko gaisuwa babu.

Kusa da tudun nan akwai gidan kurkuku. A 2005, ana haƙa domin faɗaɗa shi, fursunoni suna cikin masu aikin, aka tarar da daɓen wani ɗakin addu'a na Kirista wanda aka shirya da ƙananan duwatsu masu launi, masana kuma suka kimanta shi wajen shekara ta 230. Akwai zanen kifi biyu. Rubutun Helenanci ya nuna wani hafsan sojan Roma ne ya biya kuɗin daɓen daga aljihunsa, wata mace mai suna Akeptus ta ba da teburin domin Yesu Kristi, wanda rubutun ya kira Allah, an kuma roƙi a tuna da waɗansu mata huɗu. Waɗannan mutane sun zauna a gindin Armagedon kansa, tun addininsu bai sami izinin hukuma ba, abin da suka bari a ƙasa kuwa wurin teburi ne na kakkarya gurasa. Mun ba dattijonmu wannan labari muna saukowa daga tudun. Bai ƙara tambayar shekara ba, sai ya ce ko za mu sa sunayen matan nan cikin Misar yamma.